Rumfar Kabewar da Babu Mai Jiranta

Asabar ɗin ƙarshen watan Oktoba, da hantsi, na tura ƙaramin ɗana a keken yara, yayarsa mai shekara 7 tana biye, muka bi wata siririyar hanya da ta ratsa gonakin bayan unguwarmu. A bakin garin Ludwigsburg muke zaune yanzu, arewa da Stuttgart, tafiyar kamar minti 15 a jirgin ƙasa. Kaka ta biyu ke nan da ta riske ni a Jamus, amma ta bara a tsakiyar birni na yi ta, cikin ɗaki biyu a hawa na huɗu, ban ga gona ko ɗaya ba. Bana kuwa ga su nan a ƙofa. An girbe masara an bar tushiya a tsaye, hazo ya kwanta a ƙasa, ganyen itatuwa ya rine ya koma ja da ruwan ɗorawa, yana ta zuba ba iska ba komai. Sanyin bai kai na hunturun nan ba tukuna, amma ya fi na tsakiyar Janairun Kano cizo.

Daidai inda hanyar ta haɗu da titin mota na hango wata tsohuwar amalanken tarakta, an shimfiɗa mata ciyawa, an tula kabewa a kai har tana neman gangarowa. Ga ja, ga koriya, ga mai ruwan toka, ga mai dogon wuya kamar gora. Ni kuwa tun shigowar watan nake fama da kwaɗayin miyar taushe, irin wanda ke sa mutum ya riƙa jin ƙamshi a hancinsa alhali ba a ɗora tukunya ba. Na ƙarasa da sauri na yi gaisuwa da ɗan Jamusancin da na koya. Shiru. Na ɗaga murya na sake. Na zagaya bayan amalanken, na duba cikin gonar ko mai kayan ya kewaya ne. Ba kowa sai hankaka biyu. Na ce wa 'yata mu jira shi, ƙila ya je shan shayi. Mun fi minti 20 a tsaye, yaron ya fara rigima, yatsuna sun fara ƙandarewa.

Sai ga wani dattijo a kan keke. Ya jingine keken, ya ɗauki kabewa ɗaya ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar yadda ake yi wa kankana, ya sa a kwandonsa. Ya laluba aljihu ya zura sulalla a wani akwatin ƙarfe da ke manne a jikin amalanken, ina jin ƙarar faɗawarsu. Da ya ga irin kallon da nake masa sai ya yi murmushi, ya nuna min akwatin ya ce "Kasse", wato wurin biya, ya nuna wani allo da aka rubuta farashi da alli, ya hau kekensa ya yi gaba. Ashe mai kayan ba ya nan, kuma ba a jiran zuwansa. Ƙarama Yuro 1 da rabi, matsakaiciya 2 da rabi, babba 4. Ka zaɓa da hannunka, ka yi wa kanka lissafi, ka biya, ka kama gabanka.

Na buɗe jaka, babu ko sule ɗaya sai takardar Yuro 10. Akwatin kuwa 'yar tsaga ce kawai a samansa, abin da ya shiga ya shiga, babu maganar canji. Na ƙirga: matsakaita huɗu, 10 cif. Na sauke yaron na ce yau da ƙafarka za ka koma gida, na loda kabewa huɗu a kujerarsa na ɗaure su da bel ɗinsa. Ina naɗe takardar zan tura, 'yata ta kama gefen hijabina ta ce, "Umma, in ba mu saka ba wa zai sani?" Na ce, "Wanda ya halicci kabewar." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce in ba ta ita ta saka da hannunta.

Wallahi tun daga wurin har gida zuciyata ba ta bar akwatin nan ba. A wata 14 da na yi a ƙasar nan an sha yi min kallon da ban so ba. An taɓa bina daga layi zuwa layi a wani kantin sutura, har na ajiye rigar da na ɗauka na fita ban sayi komai ba. Amma ga wani manomi da bai san ni ba, bai san daga inda na fito ba, ya baje wahalarsa ta shekara a bakin titi ya tafi harkarsa, ya yarda cewa duk wanda ya biyo hanyar nan, har da ni baƙuwa mai hijabi, zai ba shi haƙƙinsa. Rabon da a mutunta ni irin haka har na manta, kuma wanda ya yi min bai ma san ya yi ba.

Da na ba Abbansu labari, shi da ya riga ni zuwa da shekara 4, sai ya ce ai ban ga komai ba. Haka ake sayar da dankali da ƙwai da tuffa da zuma a ƙauyukan yankin nan. Akwai gonakin furanni da ake rataye wuƙa a bakin shiga, ka yanki adadin da kake so, ka ƙirga ka biya. Ya ce kar in ɗauka mala'iku ne, su ma suna da ɓata-gari, shi ya sa aka yi wa akwatin walda, wasu manoman ma sun gaji sun kafa kyamara. Sai dai da masu zamba sun fi masu biya yawa, da tuni an daina. Sannan ya yi min wani lissafi. Tun Oktoban 2022 doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da Yuro 12 a awa, an ma ƙara a kan haka daga baya. Da manomin nan zai ɗauki mai jira, matsakaiciyar kabewa biyar ce za ta riƙa tafiya duk awa ɗaya kafin ya ga ko sisi. Ko dai ya ninka farashi, ko ya haƙura da sayarwa a bakin hanya. Ke nan arahar da na samu, gaskiyar waɗanda suka riga ni bin hanyar ce ta biya min ita.

Nan ne fa raina ya ɓaci, kuma da mu nake. Da a gida ne, wa zai zauna a gindin amalanken nan tun safe har magariba? Yarinya ce sa'ar 'yata, an tsame ta daga aji an ce ta jira kaya, don an san kafin a je a dawo ko ciyawar shimfiɗar ba za a tarar ba. Talauci na da nasa kason, ban musa ba, amma tsoron hannun juna ma yana cinye mana yara da lokaci da kuɗi ba mu lissafa shi. Mu da muka haddace "Wailul lil muɗaffifina" tun muna riƙe da allo, mu ne masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, ɗaya an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Mu ne masu jera jajayen tumatir a saman kwando a binne ruɓaɓɓu a ƙasa. A tsuga wa nono ruwa, a cuɗa garin barkono da abin da ba barkono ba, a zuba tsakuwa a buhun hatsi don ya yi nauyi. Mu ne muke ɗaure buta da sarƙa a ƙofar masallaci, mutum yana sujada rabin hankalinsa na kan takalminsa. Kuma in an cuce ka, maimakon a jajanta maka sai a ce ai kai ne ba ka da wayo. Kalmar nan ta wayo ta yi mana ɓarnar da yunwa ba ta yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, wannan amanar ba baƙuwarmu ba ce. Ina ƙarama a Gwammaja akwai wani mai tebur a bakin layinmu, da an kira salla sai ya gitta sanda a kan teburin ya tafi. In an aike mu sayen ashana ko sukari muka tarar ba ya nan, sai mu ɗauka mu danne kuɗin da gwangwanin alawa. Ban taɓa jin ya yi cigiyar komai ba. A ƙauyen kakannina, can wajen Bichi, dammunan gero kan kwana a gona har a samu jakin da zai kwaso su. Yanzu kawuna da kansa yake kwana a gona da tocila in masara ta kusa girbi. Abin da na tsaya ina ta mamakinsa a bakin titin Jamus, kayanmu ne da muka bari ya zube a hanya.

Ina isa gida na kira Hajiyarmu ta WhatsApp, na haska mata kabewa huɗu zaune a keken jikanta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke 'yar nan, biki za ki yi ko suna?" A bayanta ina jin mai dafaffiyar gyaɗa na ƙwala talla, na san can ma kaka ce, ta sabon gero da rake da bukukuwa. Da na faɗa mata rumfar babu mai jira, sai ta yi tsit, ta ce, "To wa ke ƙirga kuɗin?" Na ce mai gonar, in ya zagayo da yamma. Ta ce, "Allah Ya yi masa albarka, mu kuma Ya shirye mu." Na ƙara mata da labarin baje kolin kabewa da muka je mako biyu da suka wuce, a lambun fadar garin nan, fadar da wani basarake mai suna Eberhard Ludwig ya fara ginawa a 1704. Duk kaka sai an yi shi, a tara kabewa dubun dubata, iri fiye da a ƙirga da yatsu, a gina manyan siffofi da su. A nan ne a 2016 aka auna wata da wani ɗan Beljiyam ya noma, ta kai kilo 1,190, ta kafa tarihin duniya a lokacin. Kusan nauyin buhun masara 12 ke nan a kabewa ɗaya. Har rarake manyan ake yi, mutum ya shiga ciki da filafili a yi tseren kwalekwale a ruwan fadar. Hajiya ta ce, "Ƙoshi ke nan. Wanda ya kwana da yunwa ba ya hawa kan miyarsa ya shiga ruwa."

Ta wani wajen na ba ta gaskiya. Abin da ba na iya kallo shi ne na daren 31 ga wata, al'adar da suka aro daga Amurka, a fafe lafiyayyar kabewa a yanka mata idanu da haƙora, a kunna kyandir a ciki, a ajiye a ƙofar gida har ta ruɓe ta zube. Tuni an fara jera su a layinmu. Abinci ne fa. Ko ɓawon kabewa Hajiya ba ta zubarwa, na awaki ne.

Ban daɗe a wayar ba, don Asabar a nan ba ranar zama ba ce. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, ban da gidajen mai, da wasu gidajen burodi da safe, da 'yan shagunan manyan tashoshin jirgi. Hutun Lahadi a cikin tsarin mulkinsu yake, ɗan kasuwa bai isa ya buɗe don ya ga dama ba. In gishiri ya yanke miki ranar, sai dai ki ci lami, babu yaron da za ki aika bakin layi. Har yau ban saba ba. Saboda haka kowa ke tururuwa ranar Asabar kamar jajiberin salla. Mai karɓar kuɗi a babban kantin unguwarmu aikinta take yi, amma saurin da take wurgo kaya ya isa ya tayar wa mutum da hawan jini. Kina kokawa da jaka, albasa na gangarowa, na bayanki suna huci suna duba agogo. Babu ina kwana, babu ya yara. Jakar zuba kayan ma sai kin saya. Babu tayi, babu albarka, babu "ƙara dai Hajiya", abin da ke rubuce a jiki shi za ki biya.

Na yarda akwai hutu a cikin haka. Ba wanda zai dubi zanen jikinki ya ninka miki kuɗi, kilo ɗaya kuma kilo ɗaya ne ko da yaro kika aika. Amma ina kewar gyara, kewa mai tsanani. A 'Yankaba in na gama ciniki da mai kayan miyana, sai ya ɗebo attaruhu cikin tafin hannu ya watsa a kai, ya ɗora lawashi, ya ce a gaida maigida. Attaruhun nan bai kai komai ba a kuɗi, amma shi ke sa ki yi shekara goma ba ki sake wuri ba. A nan ko ƙwayar tumatir ɗaya ce ta ɗara, sai sikeli ya ƙirga ta.

Inda nake ɗan jin iskar gida shi ne wurin wani mahauci Baturke. Turkawa sun fara zuwa ƙasar nan aikin ƙwadago tun yarjejeniyar 1961, su suka share mana hanyar naman halal da masallatai, Allah Ya saka musu. Ya sassara min haƙarƙarin rago, ya jefa ƙashin ɓargo ɗaya a kai bai auna ba, ya miƙa wa yara alawa. Tattasai ma a wurinsa na samu, dogaye jajaye. Attaruhu da manja kuwa sai shagon 'yan Afirka, inda ake ƙirga attaruhun ƙwaya-ƙwaya kamar goro a shekarar tsada. Daddawa ba na saye, ta Hajiya ce, ta zo min cikin leda bakwai da gwangwanin madara, ina gutsurarta kamar magani. Gyaɗa akwai niƙaƙƙiya a kwalba, sai dai ki karanta jikinta da kyau, da yawa an zuba musu sukari. Yakuwa babu ita ko sama ko ƙasa. Alayyafonsu kuma laushi gare shi, da ya ji wuta sai ya zube, leda guda ta koma cokali uku. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Shinkafar tuwo ce kaɗai ban sha wahalarta ba, albarkacin wata mutuniyar Damagaram da muka haɗu a ajin koyon harshe. Ita ta nuna min 'yar gajeruwar shinkafar da suke dafawa da madara da sukari, Milchreis suke ce mata, kowane kanti akwai ta da araha, tuwonta kuwa danƙo kamar na shinkafar Hausa.

A daren ne aka mai da agogo baya, ƙarfe 3 ta koma 2, kamar yadda ake yi duk Lahadin ƙarshen Oktoba. Mutanen nan murnar ƙarin awa ɗaya ta barci suke yi. Ni tawa murnar daban ce, don daga ranar har ƙarshen Maris agogona da na Kano ɗaya ne, in Hajiya ta ce ƙarfe 8, ni ma 8 ce a wurina. Sai dai duhu ya matso, magariba ta dawo 5 da 'yan mintuna, kafin ƙarshen shekara za ta sauko wajen 4 da rabi.

Awar da aka ƙara min a kan tukunya na kashe ta. Na ɗora nama da albasa da kanumfari tun gari bai gama wayewa ba. Kabewar irin wadda suke kira Hokkaido ce, sunan wani tsibiri a Japan, ja jawur, girmanta bai wuce ƙaramar ƙwarya ba. Ba a fere ta, ɓawon da kansa yake narkewa a wuta, duk wadda ta taɓa yanke yatsa wajen firar kabewar gida ta san girman wannan ni'ima. Na tsaga biyu, na kwashe 'ya'yan da cokali na ajiye gefe, na yayyanka na zuba a romon. Ba ta da ruwa kamar tamu, gari gare ta da ɗan zaƙi irin na dankalin Hausa. Minti 15 ta yi luguf, na murƙushe ta da bayan ludayi, na bar wasu gutsattsari don haƙori ya san ya ci kabewa.

Sai daka. Ina da ɗan turmin da na taho da shi daga gida, don daddawa da citta da masoro ba sa ba da ma'ana a injin markaɗe. Na ajiye shi a ƙasan kicin na ɗaga taɓarya, ban kai bugu goma ba aka danna ƙararrawa. Na buɗe, ga tsohuwar da ke zaune ƙasanmu cikin rigar sanyi, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Sonntag." Lahadi.

Shekarunta sun haura 80, yara suna ce mata Oma, wato Kaka. Ita ce mai sa ido a kan Kehrwoche na gidan, makon shara ke nan, al'adar mutanen yankin nan da ta haura shekara 500. Wani ɗan allo ne ke zagaya ƙofofi, duk wadda aka rataya wa, ita ke da sharar matakala da ta bakin titi a wannan makon, a kaka kuwa ganye ba ya ƙarewa, kina sharewa yana zuba a bayanki. A makona na farko ta bi sawuna tana shafa ƙarfen matakala da yatsa, washegari na tarar da takarda a ƙofa. Na yi kwana biyu ina jin haushinta. Amma in na dubi titin nan fes, sai in tuna Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano, da ake hana fita har ƙarfe 10 don tsaftar gari, mu kuwa mu ja bargo mu ƙara barci, da an buɗe hanya a kwashi sharar gida a juye a kwata, damina ta zo ruwa ya shigo ɗaki mu ce gwamnati.

Ranar Lahadi a nan ba a buga ƙusa, ba a yankan ciyawa da inji, ko kwalba ba a jefawa a tankin kwalabe saboda ƙara. Na ba ta haƙuri. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemo ka ɗaura. Na ninka bargo na ɗora turmin a kan gado, na ƙarasa da murza maimakon daka. Sai dai kafin ta juya na ga ta ɗaga hanci tana shaƙa, don daidai lokacin jajjagen ya fara soyuwa a manja.

Na juye soyayyen jajjagen a kan kabewar, na barbaɗa daddawa, nan take gidan ya ɗauka. Na dama gyaɗa da ruwan ɗumi na tsiyaya a hankali ina juyawa kar ta yi gudaji, na rage wuta har mai ya taso ya kwanta a sama. Ganye da lawashi a ƙarshe, sannan na matse rabin lemon tsami a madadin yakuwa. Da na ɗaga murfin tururi ya bugi fuskata, sai ga ni a tsakar gidanmu, Hajiya na kan kujera 'yar tsugunno tana kwashe tuwo da mara, kwanuka jere a gabanta kowanne da mai shi, na Malam, na zaure, na almajirai, na maƙwabciyar da ta haihu. Na tsaya na yi kukana, na share, na tuƙa tuwona.

Kabewa biyu na yanka, tukunyar ta fi ƙarfin mutum huɗu. Na tuna hadisin da aka karantar da mu a Islamiyya, wasiyyar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ga Abu Zarri, cewa in ya yi miya ya yawaita ruwanta ya tuna da maƙwabtansa. Abbansu ya ce in bi a hankali, mutanen nan ba su saba a kai musu abinci ba sanarwa ba, ko ɗa zai ziyarci uwarsa sai an sa rana a kalanda. Na ce ni ma ban saba cin taushe maƙwabciya na jin ƙamshi ba. Na zuba a kwanon samira, na sa malmala ɗaya, na ba 'yata ta kai.

Ba a yi minti 10 ba sai ga su tare, Oma riƙe da kwanon, ta ce ba ta san yadda ake cin farin abin nan ba. Ranar ta fara zama a ɗakinmu. Ta nemi wuƙa da cokali mai yatsu, 'yata ta ce a'a, ta kai ta ta wanke hannu, ta nuna mata yadda ake gutsura, a mulmula, a yi ɗan rami da babban yatsa a ɗebo miya. Loma ta farko fuskarta ta yi ja kamar kabewar, ta shanye ruwa kofi guda, har muka tsorata. Sai muka ga ta sake miƙa hannu. Kafin loma ta biyar santi ya kama ta, ta shiga ba mu labari ba wanda ya tambaye ta: yunwar da suka sha bayan yaƙi tana yarinya, ita da uwarta suna bin gonaki bayan girbi suna kalar dankali. Ta ce su tasu miyar kabewar markaɗe ta suke yi sumul, a zuba kirim, a sha da cokali da burodi, ba ta taɓa tunanin gyaɗa na shiga ba. Na kai mata ƙarar sanyi, ta kama hannun rigata ta murza tsakanin yatsunta, ta ce a wurinsu ana cewa babu mugun yanayi sai dai mugun tufafi, gobe in je in sayi rigar ulu ta ciki in bar zargin sama. Ta ce kuma wanda ke jiran rana ta fito kafin ya fita shan iska a ƙasar nan, a bakin taga zai tsufa.

Ɗanta ɗaya, yana Hamburg, sai Kirsimeti yake zuwa. Tun rasuwar mijinta, shekara 9 ke nan, ita kaɗai take cin abincin Lahadi, ta shimfiɗa ƙyallen tebur ta ajiye faranti ɗaya. Fansho na shigowa a kan lokaci, likita na kusa, ɗakinta da ɗumi, bas na tsayawa a ƙofar gida. Ina kallonta ina tuna kakata ta wajen Bichi, wadda ba ta taɓa ganin fansho ba, asibiti ma sai an goya ta a babur, amma ban taɓa ganin hannunta shi kaɗai a cikin akushi ba, kullum jikoki na zagaye da ita suna rububin suɗi. Wannan kam ko za a ba ni amalanken kabewa dubu ba zan sayar da shi ba.

Litinin da yamma aka sake danna ƙararrawa. Kwanona ne ya dawo, an wanke shi har yana ɗaukar ido, a ciki yanka huɗu na kek ɗin tuffa da sauran ɗuminsa. Kafin in buɗe baki ta ce babu giya a ciki, babu kitsen alade, da man shanu ta yi. Ta fito da biro da 'yar takarda ta ce in faɗa mata sunan miyar. Na ce taushe. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta rubuta da irin rubutunsu, "tausche", ta kama dariya har tana dafa bango. Ashe a harshensu in mutum ya ce haka, musaya yake nufi, ba ni in ba ka. Ta nuna kwanon, ta nuna kek ɗin, ta sake cewa taushe. Ta ce Lahadi mai zuwa za ta hawo da kek ƙarfe 3, lokacin shan kofinsu, ni in tanadi miya, amma in rage wutar da ke ciki, abin daka kuma in daka shi tun ranar Asabar.

Da ta sauka na ga ta rataya min allon shara a ƙofa, makona ne. 'Ya'yan kabewar suna faranti a bakin taga suna bushewa, Hajiya ta ce in adana mata ta gwada su a gindin danga in damina ta faɗi. Saura biyu a baranda, sanyi na tsare min su. 'Yata kuwa ta samu wani gwangwani tana tara sulalla, ta ce in waɗannan sun ƙare ita za ta biya, kuma ɗaya tak za mu ɗauko don ƙaninta ya samu wurin zama.